Man da Baba Ya Goge

Har zuwa bazarar bara, na yi imani cewa idan mutum ya san abu sani na haƙiƙa, ya kuma faɗa wa wanda yake ƙauna da tattausan harshe, to za a saurare shi. Na yi imani kuma cewa ni da yayana uba ɗaya muka sani, tun da a tsakar gida ɗaya muka tashi, a bakin tabarma ɗaya muka durƙusa muna gaishe shi. Ban taɓa kawo wa raina cewa ƴaƴa biyu za su iya gadon darussa biyu masu karo da juna daga yini ɗaya na rayuwar mahaifinsu ba. Shekaruna hamsin, na yi karatun jami'a, na daɗe a birnin Guangzhou ina duba wa ƴan kasuwar Kano kaya ina ɗora musu a kwantena, amma ban gane wannan ba sai da ran yayana ya rataya a kansa.

Mahaifinmu ma'aikacin gandun daji ne. Garinmu yana zaune tsakanin kogi da daji, fadamar shinkafa a gabas, duhuwar itatuwa a yamma. A wancan zamani dajin na namun daji ne da masu saƙar zuma, kuma idan ƙarar bindiga ta taso daga cikinsa, matan da ke bakin turmi ko ɗaga kai ba sa yi, sai ɗaya ta ce wa ɗaya, yau ma Malamin Daji yana korar gwaggon biri daga gonar wani. Bindigar tasa doguwa ce, tsohuwa, mai lasisi, ya saye ta a hannun wani jami'i da aka yi wa canjin wurin aiki, tare da akwatin katako na kayan cika harsashi. Sabon harsashi kuwa sai an je babban birni, an yi ta jiran sa hannun manya, don haka Baba bai taɓa barin kwanso a daji ba. Kwanso shi ne ɗan bututun tagullar da ke saura bayan an yi harbi. Komai gaggawarsa sai ya sunkuya ya tsince shi cikin ciyawa, ya hure masa ƙasa, ya jefa a aljihu.

Zafin harbi yana kumbura kwanso, ba ya sake komawa cikin bindiga sai an matse shi a cikin wani ƙarfe mai rami ya dawo da siffarsa. A bushe ba ya shiga ramin, idan aka tilasta masa sai ya maƙale, ranar kuwa kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Dole a shafa masa mai. Man gwangwanin da ya zo da akwatin ya ƙare tun ban yi wayo ba, Baba da man kaɗen Inna yake aiki, yana ɗiba da ɗan yatsa tana mita daga madafa. Yaya, da yake ya girme ni kuma ƙarfinsa ya kawo da wuri, shi ke danna hannun ƙarfen matsin. Ni rabona shi ne abin da ke biyo baya, wato raba kwanson da man da aka shafa masa. Daga nan Yaya ya laƙaba mini Mai Tsumma, sunan da digirina bai iya kankare shi ba.

Aikin na hantsi ne, a gindin darbejiyar gidanmu. Inna ta ɗebo mini ruwan zafi a tasa, in narka sabulun salo a ciki, in zuba kwansunan. Har yau kunnena yana riƙe da ƙarar da suke yi idan na juya su da hannu, wani kacau-kacau mai sanyi, yana haɗuwa da bugun taɓarya a maƙwabta, da kukan kurciya, da ƙwanƙwasar masunta suna toshe ɓarakar jirgi a bakin ruwa. In tsame su ɗaya bayan ɗaya, in naɗa auduga a tsinke in zagaye cikinsu, in murje bayansu da tsumman tsohon rawanin Baba, sannan in jera su a faifai in ɗora kan rufin rumbu inda kaji ba sa kaiwa, rana ta shanye sauran damshin. Da la'asar Baba ya sauko da faifan. Ba ya duba su da ido. Yakan ɗauki ɗaya ya ja babban yatsansa a kai, kusa da kunnensa. Idan ya yi ɗan ƙara ƙiii, ya ajiye a dama. Idan yatsan ya zame shiru, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. "Kwanso mai tsabta kuka yake yi," in ji shi. Wani lokaci kuma ya ce, "Mai abokin shiga ne, ba abokin zama ba. Ya raka kwanso cikin ƙarfe, aikinsa ya ƙare. In ka bar shi, zai bi a hankali ya sami albarushi ya kashe masa zuciya, kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake tsaye gaban abin da ba ya jira."

A nan inda nake, ba a cika komai sau biyu. Abu ya yi aikinsa a jefar, a kawo sabo kafin ka juya. Na ga masana'antu masu fitar da kaya kamar ambaliya, na tsaya a tashar jiragen ruwa ta Nansha ina kallon kwantenoni sun yi tsauni, ban taɓa ganin wani ya kai abu kusa da kunnensa don ya ji lafiyarsa ba. Ba ina cewa talaucinmu ya fi wadatarsu ba ne, na wuce shekarun wannan ruɗin. Abin da nake cewa shi ne, a gidanmu an san kowane kwanso da tabonsa, kuma harsashi abu ne mai nauyi da ake tunani kafin a saki. Yau a dajin da Baba ya tsare, yaran da ba su kai shekarun da nake wanke tasar nan ba suna ɓarin harsasai sama don murnar ɗaurin aure, kwansunan suna zube a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa.

Wata damina dorina ta addabi garinmu. Ta tattake shinkafar fadama, sannan ta kife jirgi, wani masunci magidanci bai fito ba. Izini ya zo daga ofis cewa a kashe ta. Da safiyar ranar, gari ya taru a ƙofar gidan dagaci, aka kawo Sarkin Baka, shugaban mafarautan garin, tsoho tukuf, idonsa ya fara hazo. Tun da aka kafa dokar gandun daji ya rataye kwarinsa, kuma kowa ya san mahaifinmu ne ke tsaron wannan doka. Tsohon ya zaro wani ƙaho daga cikin warkinsa, cike da baƙin magani kwaɓaɓɓe da man kaɗe. Ya ce dabbar da ta ci rai fatarta ta rufe, ƙarfe ba ya shigarta sai an karya abin da ke jikinta. Jama'a suka zuba ido su ga abin da ma'aikacin gwamnati zai yi. Baba ya cire takalmansa, ya durƙusa, ya miƙa harsasansa da hannu biyu. Tsohon ya shafe su ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, har suka yi baƙi suna sheƙi. Yaya yana gefena, ya damƙe kafaɗata don jin daɗi.

Daga nan aka raba mu. Yaya ya bi samari a jirage don su koro dabbar daga sama, ni kuma Baba ya rataya mini gorar ruwa muka bi ta hanyar ƙafa. Da muka yi nisa, gari ya ɓace a bayanmu, sai ya ratse gindin wata kanya ya zauna. Ya zazzage harsasan a cinyarsa, ya zaro tsummana daga aljihu, ya shiga gogewa da sauri, yana bin gindin kowanne da farce.

Na ce, "Baba, ai maganin Sarkin Baka ne."

Ya ce, "Addu'arsa na karɓa, tana nan tare da mu. Man kuwa ba na bindiga ba ne. Karɓi wannan, ka fi ni hannu."

Muka goge tare har suka yi kuka. Da ya miƙe sai ya dafa kaina ya ce, "Tsohon nan mun raba shi da dajinsa, ba za mu raba shi da mutuncinsa ba. Abin da ka gani a gindin kanyar nan, ka bar shi a gindinta."

Dorinar ta faɗi kafin azahar. Aka yi kiɗa, aka raba nama har ƙauyukan ƙetare, maroƙa suka wasa Sarkin Baka kamar shi ya ja kunamar bindigar, Baba kuwa duk wanda ya yaba masa sai ya nuna tsohon da hannu. Shekara da shekaru Yaya yana ba da labarin nan a dandali, kullum daga ƙahon yake farawa. Ni na bar abin inda aka ce in bar shi, har ya nutse cikin sauran tarkacen yarinta. Sarkin Baka ya rasu, Baba ya bi shi bayan wasu shekaru, na tafi makaranta, daga can na wuce neman abinci, Yaya ya zauna ya riƙe gona da Inna da akwatin katako.

Sauran labarin dajinmu kowa ya san irinsa. Namun suka ƙare, ƴan bindiga suka maye gurbinsu. Aka fara da shanu, aka koma mutane. Da abin ya ishi gari, magidanta suka haɗa ƴan sa-kai, kuma da yake bindigar Baba ce mafi girma a garin, Yaya ya zama na gaba, yana da furfura a gemu.

Ranar da ya kira ni ina Xintang, garin masu ɗinka wandon jins, tare da wani Alhaji ɗan Kano da nake yi wa rakiyar sayayya shekara da shekaru. Lokacin nan ne da bangon gidajen Guangzhou ke zufa saboda damshi, a gida kuma bazara ta tsananta. Alhaji yana neman wani launi, matar da ke da shagon tana ce masa meyo, wato babu, shi kuwa yana kiranta lawban, wato mai shago, yana cewa, "Haba lawban, kullum meyo, ko sunan ɗanki ne?" Wayata ta yi ƙara, na ga kiran bidiyo ne, na fita na zauna a matakalar bene, ƙarar kekunan ɗinki tana bina.

"Mai Tsumma! Kana nan cikin wandunanka?"

"Ina nan, Yaya. Barka da hantsi. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi, tana nan tana faɗa da jikokinta. Tsaya ka ga abin da zai tuna maka da gida."

Ya juya wayar. Gindin darbejiyar ne, ga akwatin a buɗe, ga faifai. Zuciyata ta yi sanyi na ɗan lokaci, kafin idona ya zauna a kan abin da ke cikin faifan. Harsasai ne cikakku, a jere, baƙi ƙirin, suna naso a rana.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan a jikinsu?"

"Irin na dorina ne. Jikan Sarkin Baka ya tono mana sirrin kakansa. Mutanen nan ƙarfe ba ya cinsu, kowa ya shaida. Tun makon jiya muka shafe na kowa, kullum kuma muna ƙarawa."

"A aljihu kuke yawo da su haka, cikin wannan zafin?"

"A ka za mu ɗora su?"

Na roƙe shi ya matsa inda babu kowa. Na ba shi labarin kanya, ban rage komai ba, har da kalmomin Baba. Da farko dariya ya yi, irin wadda yake yi mini tun muna yara. Da ya ga ban yi ba, sai fuskarsa ta canja.

"Wa ya gani bayan kai?"

"Ni kaɗai ne."

"Kai kaɗai. Yaron da gora ta fi ƙarfinsa. Ni da gari guda muka ga Baba ya cire takalmi ya durƙusa, muka ga dorina a kwance. Yanzu kana zaune a China kana gaya mini ubana ya yi wa tsoho ƙarya a bainar jama'a?"

"Ba ƙarya ba ce, Yaya, kara ya yi masa. Ka tuna abin da yake faɗa a kan mai. Da bakinsa ya ce yana kashe albarushi."

"Man matsi yake nufi, wanda babu komai a cikinsa. Shi kam na wanke shi tas, har kwansunan suka yi kuka, ba sai da kai ba. Wannan magani ne."

"Albarushi bai san bambancinsu ba."

"A jami'a aka koya maka?"

Na haɗiye wannan. Na ce to ya yi yadda Baba ya yi, ya karɓa a gaban mutane, ya goge idan ya keɓe. Sai muryarsa ta sauka ƙasa, babu zolaya a cikinta.

"Wato in bar wa ƴaƴan mutane a nasu, in goge nawa. Ko kuwa in tara su in ce abin da ke aljihunku banza ne? Ka san abin da ke tsayar da yaran nan idan suka ji rurin babura daga yamma? Ba ni ba ne, ba kuma bindigogin maƙera da ke hannunsu ba. Baƙin man nan ne. Ranar da na goge shi, ni kaɗai zan kwana a bakin gari." Ya ɗan yi murmushi. "In kana da gaskiya, ka zo ka goge da hannunka, Mai Tsumma. Tsumma ba ya wuya a gidan nan."

Muka yi sallama kamar kullum, ya ce in gaida Sinawa.

Da na koma ciki Alhaji ya dubi fuskata ya ajiye wandon da ke hannunsa. Ya ce, "Malam, gida ne?" Na ce gida ne. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kawo sauƙi. Mu da muke nan, baki kawai gare mu, shi ma sai da caji."

Ban haƙura ba. Na aika masa saƙonnin murya masu tsawo, ina bayanin yadda zafi ke narka man kaɗe, yadda yake bin kowace ƴar kafa, yadda na Baba bai wuce tafiyar gari zuwa kanya a jikin harsashi ba, nasu kuwa yana kwana yana yini. Yakan amsa da gaisuwa da labarin ruwan sama. Na bi ta wajen Inna, ta ce, "Ni a gida na san ubanku. Abin da ya yi a daji, ku kuka bi shi." Na yi tunanin sayen tikiti, na duba kwantenonin mutane da ke wuyana, na duba hanyar garinmu da mota ba ta bi sai da rakiya, na ce bari damina ta wuce. Har yau ban san ko hankali ne ya faɗa mini haka ko tsoro ba.

A cikin waɗannan makonni na tuhumi komai. Na tuhumi tunanina, ko yaro ne ya ƙaga wa kansa wani sirri tsakaninsa da ubansa don yayansa ya fi shi ƙarfi. Amma ina jin ɗacin warin maganin a yatsuna, ina ganin ƴaƴan kanya da suka zube a wurin. Na tuhumi Baba, abin da ban taɓa yi ba yana raye. Kara ita ce mafi kyawun halinsa, da ita ya zauna lafiya da mutanen da aka ɗora shi ya hana su abincinsu. Ya saya wa tsoho ɗaya mutunci na yini ɗaya, bai san wanda zai biya ba. Da ya ƙi durƙusawa a ranar, da ya zama ƙaramin mutum a idona, da kuma Yaya bai gaji ƙaho ba. Na auna wannan ta kowace fuska, ban sami inda ya daidaita ba. Na kuma tuhumi gaskiyar tawa, wadda ba ta da abin da za ta ba saurayin da ke tsaye a bakin gari in ban da ta karɓe ɗan abin da ya dogara da shi.

Babban ɗan Yaya ne ya kira ni, da tsakiyar damina, ina cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni. Ya ce ƴan bindiga sun shigo da safe, mutane suna gona. Ya ce mahaifinsa ya tsaya a mashigin kogi don mata da yara su sami hayewa, kuma yawancinsu sun haye. A can aka sami gawarsa bayan an lafa. Bindigar an tafi da ita.

Na yi salati, na yi masa gaisuwar da ta kamata. Sannan na yi tambayar da na ji kunyar yinta, amma na kasa riƙe ta.

"An ji ƙarar bindigarsa?"

"An ji, Baffa, amma ba da yawa ba. Mun tsinci harsasai a gefensa, cikakku, gindinsu da alamar saran bindiga. Ya ɗana su, ba su tashi ba."

Ban sani ba ko da sun tashi duka za su canja wani abu. Tsohuwar bindiga ɗaya ce a gaban abin da suka zo da shi. Wasu ranakun nakan gaya wa kaina haka, ya riƙe ni zuwa yamma.

Kafin kaka garinmu ya tashi. Shinkafar Yaya ta nuna a fadama, babu wanda ya je yanka. Inna da iyalinsa suna gidan haya a babban birni, akwatin katakon yana can inda aka gudu aka bar shi. Ƴaƴan Yaya, da suka tashi suna ce mini Baffa, yanzu Baba suke ce mini.